Tiyon kwashe ruwa a filin ƙwallo: me ya sa yake maƙurewa?

'Yan'uwanmu masu kula da filayen ƙwallo a Jidda da Makka, duk hunturu idan aka yi ruwa tambayoyin nan ake maimaitawa. Ga amsoshin a wuri ɗaya.

Tiyo ɗaya ba zai yi aikin ja da na fitarwa ba?

A'a. Ɓangaren da ke zuƙo ruwa zuwa injin jan ruwa yana son tiyo mai ƙarfi, mai zobba a jikinsa. A shago ka ce "khurɗum shafɗ". Mai laushin nan da ke kwanciya kamar ɗamara na fitarwa ne kawai, shi ne "khurɗum ɗard". Ka sa shi a wajen ja, nan take zai shafe.

A ina ya fi lanƙwashewa?

A bakin inji, cikin mita ɗaya na farko. Bakin yana sama da ƙasa, nauyin ruwa yana janyo tiyon ƙasa, sai ya karye daidai bayan kilif, wato zoben ƙarfen da ke ɗaure shi a bakin. Ka ɗaura gwiwar ƙarfe mai kallon ƙasa, ko ka tallafe shi da buhun yashi.

To ai ruwa yana fita ko da ya ɗan maƙure, mene ne laifin?

Haba Malam! Idan hanyar fita ta toshe, ruwan yana ta juyawa a cikin injin har ya yi zafi, ya cinye sil, wato abin da ke hana injin yoyo. Idan ta wajen ja ce, za ka ji ƙara kamar an zuba tsakuwa a ciki, farfelar ce ke cin wuya. Kashe injin tukuna, sannan ka miƙe tiyon. Kada ka ture shi da ƙafa yana cike: mai inci 3 yana ɗaukar kusan lita 4 da rabi a kowace mita, wato mita 20 ya kai kilo 90.

Dole tiyon ya haura dakalin gefen fili kafin ya kai magudana. Yaya zan yi?

Wannan kam ba ta da amsa ɗaya, ya danganta da tsawon dakalin da irin tiyon. Idan bai wuce tsawon bulo ɗaya ba, buhunan yashi biyu ko uku a kowane gefe sun isa su mayar da kusurwar ta zama tudu mai gangara. Rabin tsohuwar taya da aka kifa a kan dakalin ma yana yi, muddin tiyon bai zame daga kanta ba. Idan ya kai gwiwar mutum, ni ban yarda da tiyo mai laushi a wurin ba. Gara ka yanke shi, ka sa gutsuren mai zobba kamar mita 2 a daidai hawan, sannan ka ci gaba da mai laushin. Sai dai kowane haɗi wuri ne na yoyo, kuma yana ɗan rage gudun ruwa, don haka kada ka yawaita.

Shi ma mai zobban yana da iyaka. Kamfani yakan rubuta iyakar lanƙwasar da zai jure, ka duba. In babu takarda, ga mai inci 2 kada lanƙwasar ta fi ta tayar mota matsewa, mai inci 3 kuma ka ƙara masa fili sosai. Wannan kimantawa ce, ba doka ba, domin tiyon da ya sha rana ba ya jure abin da sabo ke jurewa.

Akwai kuma zafi. Ciyawar roba da azahar ɗin bazara tana iya haura digiri 60, kuma nan ne tiyon roba ke fara saki. Lanƙwasar da ta zauna lafiya da asuba tana iya durƙushewa da rana. In aikin zai jima, ka koma ka duba hawan. Sannan ka daidaita tiyon ya haura dakalin kai tsaye, kada ya hau a karkace yana kuma juya kwana a lokaci guda.

Na saya mai tsada, shi ma ya lanƙwashe. An cuce ni?

Da wuya. Kwantar da hankalinka, yawanci murɗewa ce. In ka janyo shi daga gefen naɗi yana kwance, kowane zagaye zai bar murɗa ɗaya. Mirgina naɗin za ka yi a ƙasa kamar taya. Ka bi layin da ke jikin tiyon da ido, in yana zagayawa, a murɗe yake.

Wanda ya riga ya karye zai gyaru?

Zuba masa ruwan ɗumi, ba tafasasshe ba, ka miƙe shi ya huce. In wurin ya yi fari ko zobe ya fashe, yanke shi ka sa mahaɗi, kilif biyu kowane gefe. A ɓangaren ja kuwa gara ka sauya, haɗi yana shan iska.

Ajiya fa?

Ka tsiyaye ruwan, ka naɗe shi da faɗi kamar babban gammo, ka sa a inuwa. Don Allah a daina rataye shi a ƙusa ko jikin raga. Tun daga nan yake samun karayar da za ta fito ranar da ruwa ya cika fili.