Lambun haɗin gwiwa a ƙauye: amsoshin da na gaji da maimaitawa

Da zarar hunturu ya kama, daga Jega har Argungu tambayoyin nan ake ta jefo mini. Ga su nan, a karanta a huta.

Me za mu fara shukawa?

Alayyafo. Sati uku zuwa huɗu kun fara tsinka, kowa ya ga kuɗin cefane. Sai rama da kuɓewa. Albasa ku dakata tukuna. Don kun ga mutanen Aliero na loda buhuna a mota, ba shi ya mai da ku mutanen Aliero ba.

Dole sai da takin zamani?

A'a. Kashin awaki da na shanu da toka da sharar gida, a tara a rami, ana yayyafa ruwa ana juyawa har ya ruɓe. Ɗanyen kashin kaji kuwa ƙona shuka yake yi. Na faɗa har bakina ya yi tsami.

Awaki suna yi mana ɓarna.

Ku yi darni. Wanda ya zuba iri babu shinge, kiwo ya buɗe wa maƙwabta.

Wani dattijo ya ba mu aron fili a fadama. Mu karɓa?

To, nan ne maganar take. Aro ba laifi ba ne, lambuna da yawa a bakin Gulbin Kabi a kan aro suke. Sai dai taki yakan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ƙasa ta farfaɗo sosai, kuma daidai lokacin ne mai fili, ko magadansa in ya rasu, suke tuna suna da buƙatar wurin. Na ga ƙungiyar matan da suka haƙa rijiya, suka yi shinge, a shekara ta uku aka ce su tashi. Ba mugunta ce kullum ba, wani lokaci aurar da ɗa ne ya taso. In dattijon mutumin kirki ne, ku karɓa, amma ku je gaban mai unguwa ko hakimi, da ’ya’yansa maza a zaune, a rubuta shekarun. Biyar ta fi mini, uku ma ba laifi in ba za ku kashe kuɗin rijiya ba. A kuma faɗi wanda zai ci rijiyar ranar rabuwa. In ya ce rubutu rashin yarda ne, kada ku ja da shi, ku shuka abin da ake girbewa a rani ɗaya kawai, zogale da itatuwa ku kai gida. In da hali, haya ko da kaɗan ce ta fi aro kwanciyar hankali.

Tsutsa ta cinye mana tumatur.

Kada ku ɗaga hankali, a 2016 ma tsutsar tumatur da ake kira Sharon ta gama da manyan gonaki a Kano da Kaduna. A daka ’ya’yan dogon yaro, a jiƙa su kwana, a tace, a fesa da yamma, tun kafin ɓarna ta yi nisa. Kuma ku daina maimaita tumatur a fangali ɗaya. Attarugu da tattasai da gauta danginsa ne, ba canji ba ne. Ku sa wake ko albasa.

Wa zai sayi man injin ban ruwa?

Duk mai fangali. Tun da aka cire tallafin fetur a 2023, maganar "Allah ya kawo, zan bayar" ta ƙare. A karɓi kuɗin ran kasuwa, kafin a tada inji.