Shekarar 1797 a Wales: kwana biyun Faransawa a Fishguard

Me ya faru a Wales, wani yanki na Birtaniya, a 1797 da har yau ake labarinsa?

Ranar 22 ga Fabrairu, jiragen ruwan Faransa huɗu suka sauke mayaƙa kusan 1,400 a Carreg Wastad, wata gaɓar teku mai duwatsu kusa da garin Fishguard. Daga wannan karon ba a sake samun rundunar wata ƙasa da ta taka babban tsibirin Birtaniya da yaƙi ba.

Me ya kai su can?

Ba can suka nufa ba tun farko. Birnin Bristol aka ce su kai wa hari, iska ta hana su. Jagoransu, William Tate, ya sa rai talakawan Wales za su tashi su mara masa baya. Ko kusa!

To, yaya ta kaya?

Rundunar ce ta ci kanta. Da yawansu ba sojojin gaske ba ne, har daga kurkuku aka kwaso wasu. Suna sauka suka bazu gidajen manoma neman abinci, sai suka ci karo da giyar da mutanen yankin suka kwashe daga wani jirgin Fotugal da ya tarwatse a gaɓar. Wanda ya yi tatul ina shi ina riƙe bindiga? Ranar 24 ga wata suka ajiye makamai a bakin tekun Goodwick, gaban Lord Cawdor, jagoran dakarun Birtaniya a wurin, alhali mutanensa ba su kai yawan nasu ba.

Ina gaskiyar labarin da ake bayarwa kan matan garin?

Ana cewa wata mai gyaran takalma, Jemima Nicholas, ta fita da cebur mai yatsu na kwasar ciyawa ta koro Faransawa 12 zuwa gari. Ana kuma cewa mata masu jan mayafi da baƙar hula sun jeru bisa tudu, Faransawa suka zaci dakarun Ingila ne. Jemima dai an yi ta, dutsen tunawa da ita na harabar cocin St Mary's a Fishguard. Batun jan mayafi kuwa, a ganina baki ya ƙara masa gishiri.

Abin ya shafi wani waje?

Sosai ma. Labarin na isa Landan, tsoro ya ƙaru, jama'a suka yi wa bankuna caa suna neman zinariyarsu. Kafin watan ya ƙare, Bankin Ingila ya daina canza takardar kuɗi da zinariya, a farkon Maris kuma ya soma fitar da takardun fam 1 da fam 2. Sai a 1821 aka koma biya da zinariya.