Assam ba gonar shayi kaɗai ba ce

Idan ana labarin yadda Indiya ta yi fito-na-fito da Turawan Ingila, sunan Gandhi ake fara kamawa, sai Delhi da Bengal. Assam kuwa, can arewa maso gabas, an daɗe ana ɗaukarta a matsayin ƙasar ganyen shayi wadda mutanenta suka yi shiru har aka samu 'yanci a 1947. Wannan ba gaskiya ba ne, kuma yana min zafi.

Turawa sun karɓi Assam bayan yarjejeniyar Yandabo da suka ƙulla da Burma a 1826. Bayan shekara biyu kacal, Gomdhar Konwar, wani ɗan gidan sarautar Assam, ya yi tawaye. A 1858 aka rataye Maniram Dewan, wani babban mutum na Assam, a Jorhat, kan shirya wa Turawa tawaye.

Amma talakawa su ne suka fi ɗaukar nauyin. Manoma suna da taron ƙauye da suke kira raij mel, inda ake zama a yanke shawara baki ɗaya. A Phulaguri, 1861, sun taru kan hana noman tsiron da ake yin ofiyam (wani abu mai sa maye) da shi, da jita-jitar harajin goron betel, har wani jami'in Bature ya rasa ransa. A Patharughat, ranar 28 ga Janairu 1894, manoma suka ƙi amincewa da ƙarin harajin gona, 'yan sanda suka buɗe musu wuta. Gwamnati ta ce mutum 15 suka mutu, mutanen yankin suna cewa 140.

A Satumbar 1942, Kanaklata Barua, yarinya 'yar shekara 17, tana gaban jerin gwanon neman 'yanci riƙe da tuta, ta nufi ofishin 'yan sandan Gohpur. Aka gargaɗe ta, ba ta tsaya ba, aka harbe ta nan take.