Waiwaye: Bukuru, Garin da Kuza da Layin Dogo Suka Kafa

Tun kafin Turawa su hau tsaunukan Filato an san kuza a ƙasar Hausa. Mutanen Ririwai da ke kudancin Kano da na Liruwen Dalma a ƙasar Bauchi suna wanke ta daga yashin rafi, su narka ta da gawayi, su zuba ta siraran sanduna, fatake su kai kasuwa. Waɗannan sanduna ne suka faɗa hannun Kamfanin Neja, wani kamfanin ciniki na Turawan Ingila, ya tura masu bincike a 1902 su gano inda ake samo su. Ba da jimawa ba aka kafa sansani a Naraguta kusa da Jos ta yau, haƙa ta yi ta gangarawa kudu cikin ƙasar Birom, inda Bukuru take, a tudun da ya haura mita 1,200 daga saman teku.

Abin da ya fara ci wa kamfanoni tuwo a ƙwarya shi ne ɗauka. A ka ake ɗaukar buhunan kuza, a ƙasa, tafiyar kusan mil 200 zuwa Loko a bakin Binuwai, sannan a loda a jirgin ruwa. Injin da za a kawo ma sai an kwance shi gunduwa-gunduwa 'yan dako su hau da shi. Saboda haka a 1911 aka fara shimfiɗa ƙaramin layin dogo daga Zariya. Ya kai Rahama a 1912, ya isa Jos da Bukuru a 1914, tsawonsa mil 143. An laƙaba masa sunan Bauchi domin a lokacin tudun yana cikin Lardin Bauchi, amma bai taɓa shiga garin Bauchi ba.

Faɗin layin ƙafa 2 da inci 6 ne, alhali babban layin Legas zuwa Kano ƙafa 3 da inci 6 ne. An yi haka don sauƙin kuɗi: siririn layi yana iya shan kwana mai tsanani a gefen dutse, ƙarfensa da gadojinsa ba su da nauyi. Sai dai arhar ta zo da tata wahalar. Taragon ƙaramin layi ba ya hawa babba, don haka duk buhun da ya iso Zariya sai lebura ya sauke shi ya sake lodawa, haka kuma kayan da za su hau. Taragan ƙanana ne, hawan dutse daga wajen Jengre kuma yana rage yawan abin da kan jirgi zai iya ja. A 1927 babban layi ya iso ta Kafanchan, kwal ɗin Inugu ya fara zuwa kai tsaye, kuza ta koma bi ta Fatakwal. Ƙaramin layin ya ci gaba da lallaɓawa har aka rufe shi a 1957.

Kuzar Filato galibi a kwance take cikin tsakuwar tsofaffin rafuka da ƙasa ta binne. Aikin farko shi ne yaye ƙasar sama har a kai ga wannan shimfiɗa. Da diga da shebur aka fara, leburori suna kwashewa da kwanon sarki, heluma yana ƙirga sawu. Daga baya aka kawo manyan injinan yaye ƙasa, da bututun da ke feshin ruwa da ƙarfi yana rushe bangon rami, da famfon da ke zuƙo taɓo da tsakuwa ya kai su dogon akwatin wanki mai gangara, wanda aka gicciya wa katakai a ƙasansa. Dabarar duka a nauyi take: kuza ta ninka yashi nauyi fiye da sau biyu da rabi, sai ta kwanta a bayan katakan, yashi ya wuce. Idan ruwa ya yi yawa, ya tafi da ƙananan ƙwayoyin kuza. Idan ya yi kaɗan, yashi ya cike bayan katakan, akwatin ya daina kamawa. Yumɓun da ba a farfasa ba kuwa dunƙulewa yake yi ya mirgina da kuza a cikinsa. Shi ya sa ruwa ya zama rabin aikin, aka yi ta gina madatsu da magudanai domin rani, aka kuma kafa tashar lantarki a Kurra wajen 1930, ta kamfanin lantarki na NESCO mai hedikwata a Bukuru.

Garin Bukuru ya taru ne a bakin tasha da kewayen barikokin ma'aikata. Hausawa sun zo cin rani da leburanci, wasu suka zauna suka kama fawa, ɗinki da fatauci. Inyamurai da Yarabawa sun fi yawa a aikin akawu, kanikanci da tuƙi. Birom, masu ƙasar, da farko ba su ɗauki aikin rami da muhimmanci ba, neman kuɗin haraji da rasa gonaki ne suka tura da yawansu ciki, matansu kuma suna dakon ƙasa da itacen girki. Accar da ake nomawa a tudun ba ta isa ciyar da wannan taro, dole dawa da gero da shanu su hau daga ƙasashen Zariya, Kano da Bauchi. Ranar biyan kuɗi ita ce ranar kasuwa, Hausa kuma ta zama harshen ciniki tsakanin kowa da kowa. Diyyar da aka riƙa ba manoma ba ta kai darajar gonar da aka mayar rami har abada ba, kuma wannan ƙorafi bai mutu ba har yau.

Lokaci mafi muni shi ne na Yaƙin Duniya na Biyu. Da Japan ta ƙwace Malaya a 1942, Ingila ta rasa babbar hanyarta ta samun kuza, sai aka kafa aikin tilas daga 1942 zuwa 1944. An kwaso dubban talakawa daga lardunan Arewa, mutanen ƙasar zafi, aka zube su a tudun da sanyin dare ke ratsa ƙashi, ba isasshen abinci, ba bargon kirki. Da yawa sun mutu, da yawa sun gudu. A 1943 aka fitar da kusan tan 17,000, adadin da ba a sake kaiwa ba.

A shekarun 1950 kolumbait, wani ma'adini da ake samu tare da kuza wanda a da ake zubarwa, ya yi tsada saboda Amurka tana tara shi, har aka koma ana tone tsofaffin tulin yashi ana rarrabewa da injin maganaɗisu. Farkon shekarun 1960 aka buɗe masana'antar narka kuza ta kamfanin Makeri a Jos. Daga nan sai koma baya: kuzar da ke kusa ta ƙare, sauran tana ƙarƙashin ƙasa mai kauri, wani wurin ma ƙarƙashin dutse, hankalin gwamnati ya koma kan man fetur, farashin duniya kuma ya rushe a 1985.

Ramukan da aka bari sun cika da ruwa, ɗaruruwansu. Su ne ke shayar da lambunan dankalin turawa, kabeji da karas da rani, amma bakinsu a tsaye yake, ruwansu mai zurfi da sanyi, suna cin yara da dabbobi. Yashin da aka tace kuma yana ɗauke da ma'adinai masu fitar da tururi mai cutarwa, bai kamata a yi ginin ɗakin kwana da shi ba.

Haƙar yau galibi ta hannu ce, wadda ake kira loto. Ana tona rijiya mai faɗin kusan mita ɗaya, a nutsa mita goma, ashirin ko fiye, sannan a yi rami ta gefe ana bin tsakuwar, ana jawo ta da bokiti da igiya. Abin da ke kashe mutane sananne ne: rufin da ba a tokare ba ya jiƙe da damina ya rufta, ko a cinye ginshiƙin ƙasar da aka bari ya riƙe rufin, saboda an ga kuza a jikinsa, ko a huda cikin tsohon rami mai ruwa, ko hayaƙin injin famfo ya sauka ƙasa inda ba iska. A watan Fabrairun 2025 gwamnatin Jihar Filato ta ba da umarnin dakatar da haƙar ma'adinai a faɗin jihar, tana mai kafa hujja da matsalar tsaro.