Katamaran

Katamaran jirgin ruwa ne mai kwami biyu, wato gangar jirgi biyu masu tsawo ɗaya da aka jera gefe da gefe, aka haɗa su ta sama da gungumai ko dandamali. Akwai mai inji, akwai wanda iska ke turawa ta hanyar manyan ƙyallaye da ake ɗagawa a kan jigo. Wannan maƙala ta fi karkata ga na iska, musamman wanda ake ƙerawa don doguwar tafiya a teku, mai ɗakunan kwana da wurin girki, amma kuma mai gudu. Sunan ya samo asali daga harshen Tamil na kudancin Indiya.

Tarihi

Mutanen tsibiran tekun Pasifik ne suka fara cin moriyar wannan ƙira sosai. Da tagwayen jirage na katako, waɗanda ake ɗaurewa da igiyar ɓawon kwakwa ba tare da ƙusa ko ɗaya ba, suka ratsa dubban kilomitoci ɗauke da iyali, da aladu, da kaji, da irin shuka. Ana kyautata zaton sun isa Hawai wajajen shekara ta 1000 zuwa 1200, Niyu Zilan kuwa a ƙarshen ƙarni na 13. An daɗe ana musu kan ko da niyya suka yi waɗannan tafiye-tafiye ko iska ce kawai ta kaɗa su. A 1976 aka tuƙa wani jirgi mai suna Hokule'a, wanda aka ƙera a kan tsohuwar siffa, daga Hawai zuwa Tahiti cikin wata guda da 'yan kwanaki, babu kamfas babu taswira. Jagoran tafiyar, Mau Piailug, mutumin tsibirin Satawal, da taurari da yanayin igiyar ruwa ya yi ta gane hanya. Tun daga nan musun ya yi sanyi.

Turawa sun makara, kuma da jan ƙafa suka karɓi abin. William Petty, ɗan Ingila, ya ƙera jirgi mai kwami biyu a Dabulin, babban birnin Ailan, a 1662, ya tsere wa jiragen zamaninsa, amma da wani jirginsa ya nitse da mutane a guguwa a 1665 sai aka yi watsi da dabarar kusan shekara 200. A 1876 Ba'amurke Nathanael Herreshoff ya shigar da nasa mai suna Amaryllis gasar tsere a Niyu Yok, ya riga kowa isa, aka hana shi kofin, daga baya ma aka ware irin jirgin daga sauran. Rashin adalci ne aka yi masa, domin laifinsa ɗaya shi ne gudu.

Sai a ƙarni na 20 al'amarin ya farfaɗo. Bafaranshe Eric de Bisschop ya tashi daga Hawai a 1937 a jirginsa Kaimiloa, ya kewayo ta kudancin Afirka ya isa Faransa a 1938. A 1947 Woody Brown da Alfred Kumalae suka ƙera Manu Kai a Hawai, wanda da yawa ke ɗauka a matsayin kakan katamaran na zamani. Sai kuma James Wharram, ɗan Ingila, wanda ya haɗa Tangaroa da hannunsa, jirgin da tsawonsa bai wuce mita 7 da ɗoriya ba, ya ƙetare Atilantika da shi a tsakanin 1955 da 1956. Har ya rasu a 2021 yana sayar da zanen jirage masu sauƙi da talaka zai iya haɗawa da filawud a bayan gida, kuma a wannan fanni babu wanda ya kama ƙafarsa.

A fagen tsere, katamaran ya lashe Kofin Amurka, shahararriyar gasar tseren jiragen iska, a 1988. Bafaranshe Bruno Peyron ya zagaye duniya da katamaran cikin kwana 79 a 1993, ya sake zagayowa da wani cikin kwana 50 a 2005.

Dalilin gudunsa

Jirgin iska mai kwami ɗaya yana ɗauke da dalma ko ƙarfe mai nauyi a ƙasansa don kada iska ta kifar da shi, kuma wannan kan kai kashi ɗaya cikin uku na nauyin jirgin gaba ɗaya. Katamaran ba ya buƙatar wannan kaya. Faɗinsa ne ke tsayar da shi: mai tsawon mita 14 yakan kai faɗin mita 7.

Abu na biyu shi ne sirantakar kwamin. Jirgi mai kauri, idan yana tafiya, yakan tayar da igiyar ruwa a gabansa da bayansa, har ya kai matakin da yake zaune a tsakaninsu ba ya iya hayewa. Ga mai tsawon mita 14, wannan iyaka tana wajen kilomita 17 a awa. Siririn kwami ba ya tayar da babbar igiya, yanka ruwan yake yi ya wuce. A katamaran mai gudu, tsawon kowane kwami ya kan ninka faɗinsa sau 11 ko 12, alhali na haya da masu yawon shaƙatawa ke hawa bai cika wuce sau 8 ko 9 ba, saboda an faɗaɗa shi don gado ya shiga. Idan iska ta yi kyau kuma tana bugowa daga gefe, mai gudun yakan yi kilomita 28 zuwa 37 a awa. A doguwar tafiya kuwa, mizanin da matuƙa ke alfahari da shi shi ne mil 200 na teku a kwana ɗaya, wato kilomita 370.

Nauyi

Nan ne ake samun riba, nan ne kuma ake asararta. Katamaran mai gudu na mita 14 yakan yi tan 8 zuwa 9 babu kaya, ɗan'uwansa na haya mai tsawo ɗaya kuwa yakan kusa tan 15. Ana rage nauyin ne ta hanyar ƙera jikin jirgin da faiba, wato zaren gilashi da aka daskarar da gam, mai soso a tsakiya, da zaren kabon a wuraren da ke ɗaukar wahala.

Siririn kwami ba shi da yawan ɗauka. Lita 500 ta ruwan sha rabin tan ce. A ƙara janareta, da injin wanki, da ƙaramin jirgin sauka da injinsa, da sarƙar anka, sai a ga bayan jirgin ya nutsa yana jan ruwa, dandamalin tsakiya ya matso ƙasa, igiyar ruwa tana marinsa da ƙara kamar za ta fasa shi. Shi ya sa ake ɗaga dandamalin sama da ruwa gwargwadon iko, ake tara kaya masu nauyi a tsakiyar jirgi, a bar goshi da ƙeya babu komai. Wanda ya sayi jirgi mai gudu ya cika shi da kaya ya biya kuɗin gudu ne bai samu ba, ga shi kuma bai samu yalwar ɗaki ba.

Allon ƙasa

Jirgin iska ba ya fuskantar iska kai tsaye, sai dai ya yi ta karkata dama da hagu har ya isa. A wannan hali iska tana tura shi gefe. Na haya suna da ɗan gajeren fiffike a manne ƙarƙashin kowane kwami. Masu gudu kuwa suna da dogon allo da ake zurawa ta cikin kwamin ya shiga ruwa har kusan mita 2, a zare shi idan iska na baya ko ruwa ba zurfi. Da shi jirgin ke iya matsawa kusa da iska zuwa wajen digiri 45. Aibinsa shi ne yana cin wuri a ɗaki, kuma yana karyewa idan ya daki dutse. Masu jiragen sun rabu biyu kan wanda ya fi.

Jigo da ƙyallaye

Babban ƙyalle yana bayan jigo, kuma a yau an fi yin sa da faffaɗan kai don ya kama iskar sama wadda ta fi ƙarfi. Igiyar da ke riƙe shi tana gudu a kan wani dogon layin ƙarfe da ya ratsa faɗin jirgin, ta yadda matuƙi zai iya sassauta shi ba tare da ya ɓata siffarsa ba. A gaba akwai ƙaramin ƙyalle, sannan da wasu manya marasa nauyi da ake buɗewa a kan sanda a goshin jirgi idan iska ta yi laushi.

Akwai abin da ke ruɗar sabon matuƙi. Wanda ya hau babur ya san ko iska daga gefe take, da ya ƙara wuta sai ya ji ta a fuska. Haka jirgin yake: yana ƙara gudu, iskar da yake ji tana komawa gaba tana ƙara ƙarfi, don haka ake ɗaure ƙyallayensa tamau fiye da na jirgi mai nawa.

Kifewa

Mai kwami ɗaya yakan kwanta gefe idan iska ta yi yawa, ya zubar da ita, dalmarsa ta tashe shi. Katamaran da ƙyar yake karkata digiri 5, don haka ba ya gargaɗi. Ƙarfin iska kuma ba a hankali yake hawa ba: daga kilomita 28 a awa zuwa 40, matsin da ke kan ƙyalle ya ninka. Matuƙa suna rage ƙyalle ne bisa lambar da na'urar auna iska ta nuna, ba bisa abin da jiki ya ji ba, kuma da dare ana ƙara ragewa. Idan ya kife ba ya tashi da kansa. Amma da yake babu dalma, yawanci ba ya nitsewa, kuma manyan suna da ƙofar tsira a gefen kwami.

Maƙera

Daga cikin kamfanonin da ke ƙera masu gudu akwai Outremer da Catana a Faransa, dukansu tun 1984. Gunboat ya fara da jirage na kabon a Afirka ta Kudu a farkon shekarun 2000, HH kuma a Sin yake. Lagoon, Fountaine Pajot da Leopard sun fi ƙarfi a kasuwar haya.

A ruwayen Kano da Jigawa

Ba a ƙera irin wannan jirgi don ruwayenmu ba. Kogin Haɗeja ba shi da zurfi da rani, kacalla ta toshe hanyoyi da dama a fadamar Haɗeja da Nguru, masunta da masu fito kuma da sanda, da filafili, da ɗan inji suke aiki. Madatsar Tiga, wadda aka kammala a 1974, da ta Challawa suna da faɗin da ƙaramin katamaran zai iya yawo, musamman da hunturu lokacin da iskar arewa maso gabas ke kaɗawa ba yankewa. Damina ce abin tsoro, domin iskar da ke gaba da hadarin gabas takan faɗo ne gaba ɗaya, irin wadda ke kifar da jirgin da bai rage ƙyalle ba.

Abin da ya fi dacewa a ɗauka shi ne kwami biyun, ko da babu ƙyalle. Kwale-kwale ɗaya siriri ne, da fasinjoji sun karkata gefe guda ruwa ya shiga. A ƙarshen Nuwamban 2021 jirgin fito ya kife a madatsar Watari da ke Ɓagwai, aƙalla mutum 29 suka rasu, galibinsu ɗaliban Islamiyya, kuma an danganta haɗarin da lodi fiye da kima. Kwale-kwale biyu da kafinta ya haɗa da gungumai masu ƙwari, ya shimfiɗa katako a kai, sun fi wuyar kifewa, kuma ana iya ɗora babur ko buhunan shinkafa a tsakiya. Sai dai suna buƙatar faɗin mashigi, maɗaurin yana son dubawa kowace shekara, kuma su ma suna da iyakar lodin da ya kamata sarkin ruwa ya rubuta a jikinsu.