Bayanin tasirin furotin a kan sinadaran da bai taɓa ba

A kundin Gene Ontology, wanda ake taƙaitawa GO, masana ilimin halittu suna rubuta aikin abubuwan da ƙwayoyin gado ke samarwa, wato furotin da RNA. An kafa kundin a 1998 bisa haɗin gwiwar rumbunan bayanai uku: na yis, na ƙudan 'ya'yan itace da na ɓera.

Idan aka ce furotin yana liƙa fosfet, ƙaramin sinadarin da ke kunna ko kashe aikin wasu furotin, ba a gama magana ba sai an faɗi a jikin wa. Don haka aka ware gurbi na 16 a fayil ɗin GAF, wato jadawalin da ake rubuta bayanan GO a ciki, domin irin wannan ƙarin bayani, kuma an bayyana tsarin a mujalla a 2014. Inda wuyar take shi ne bambanta sinadarin da furotin ya taɓa da kansa da wanda tasirinsa ya isa gare shi ta hannun wasu.

Insulin misali ne mai kyau. Idan ya sauka a kan mai karɓarsa, wani furotin da ke a fatar sel, mai karɓar yana liƙa fosfet a jikin furotin IRS1. Wannan kai tsaye ne. Daga nan furotin PI3K ya fara aiki, sai furotin AKT, har furotin GLUT4 ya fito bakin sel ya shigo da sukari. Mai karɓar insulin bai taɓa GLUT4 ba, amma in babu shi GLUT4 ba zai fito yadda ya kamata ba. A rubuta IRS1 da GLUT4 iri ɗaya kuskure ne, domin mai binciken magani zai ɗauka mai karɓar da GLUT4 suna haɗuwa.

Irin hujjar ma tana da muhimmanci, kuma GO na ba kowane iri lambarsa. Gwajin da aka lalata ƙwayar gado aka ga sakamako, mai lambar IMP, yakan nuna akwai tasiri amma ba ya nuna hanyarsa. Gwajin kai tsaye, IDA, shi ne ya fi nuna wa ya taɓa wa. Ga kuma batun iyaka: furotin ɗaya mai kunna ƙwayoyin gado zai iya shafar ɗaruruwan sinadarai daga nesa, kuma jera su duka ba ya ƙara wa mai karatu fahimta.

Tsarin GO-CAM, wata hanyar rubuta bayanan GO da aka wallafa a 2019, ya ɗauki wani salo. Ana rubuta kowane aiki da abin da ya taɓa, a ɗaure shi da aikin da ke biye, ta yadda mai bincike zai bi sarƙar daga mai karɓar insulin har zuwa GLUT4.