Ma'anar "damas", kalmar da ta cika bakin masu tallar wuƙa

Tun gabanin babbar Sallah kalmar nan ta shigo Damagaram, har yau kuma ba ta fita ba. Ka buɗe WhatsApp ko Facebook, sai ga hoton wuƙar aljihu mai naɗewa, ruwanta duk zane kamar sawun iska a kan rairayi, a ƙasa an rubuta: damas, orijinal. Masu tebur a kasuwar Dolé su ma sun ɗauka. Rannan na ji mai talla a rediyo yana rantsuwa wai da irin wannan ƙarfe aka ƙera takubban mazan jiya, ba ya dakushewa, ba ya tsatsa, yana datse ƙusa kamar rake. Nan raina ya ɓaci. Abubuwa uku ne da ba su haɗa uwa ba balle uba, ya tattara su ya raɗa musu suna ɗaya, ya ɗora musu kuɗi.

Duk wanda ya zauna a lakwal ya san Damas sunan birnin Dimashƙa ne na ƙasar Sham a bakin Faransawa. Ba sai mun tsaya nan ba. Wurin tsayawa shi ne, abu na farko, wato ƙarfen da ya yi suna da sunan birnin, ba a can ake narka shi ba.

Daga Indiya yake fitowa, musamman kudancinta, da tsibirin Siri Lanka. Maƙeran can sukan zuba baƙin ƙarfe da itace ko ganye cikin ƴar tukunyar yumɓu, su liƙe bakinta, su zuga wuta har ƙarfen ya narke ya shanye sinadarin gawayi, wato kabon, wajen kashi 1.5 cikin ɗari. In ya huce a hankali sai a fasa tukunyar a ciro curi. Turawa suna ce masa wuts. Fatake ke kai curin nan Farisa da ƙasashen Larabawa, maƙera su yi ta bugunsa a wutar da ba ta cika zafi ba har ya zama takobi. Zanen da ke jikinsa ba wanda ya zana shi, ba kuma ninki ba ne. Ƙwayoyi ne masu tauri na ƙarfe da kabon suka jeru layi-layi a cikin ƙarfe guda. Larabawa ba su ɓoye asalinsa ba. Sunan nan Muhannad da ake raɗa wa yara, ma'anarsa takobin da aka yi da ƙarfen Hindu.

Sunan Dimashƙa dai a bakin Turawa ya manne masa, kuma mu nan bai kamata wannan ya ba mu mamaki ba, don an yi mana irinta. Fatar jan akuya da majemanmu suka jeme a ƙasar Hausa, ayari ya ɗauka ya ratsa Sahara da ita har bakin teku, da ta isa Turai sai aka ce mata fatar Maroko. Har yau Bafaranshe in zai ambaci sana'ar jaka da walat ta fata sai ya ce marokinri, majemin da hannunsa ya yi baƙi da bagaruwa kuwa ba a san da shi ba. Mu ma mun yi wa wasu. Goron da kakanninmu suka riƙa cewa na Gwanja, a kurmin Asante yake tsirowa, kasuwar Salaga ce kawai inda fatakenmu ke cin karo da shi. Haka ƙarfen Indiya ya tashi da sunan Sham. Abin bai tsaya ga ƙarfe ba ma. A Faransanci, damas sunan yadi ne kuma, irin wanda ake saƙa masa fure da zare mai launi ɗaya da jikinsa, sai haske ya bugi yadin furen ya bayyana. Shaddar da muke ɗinkawa ranar Sallah, wadda muke ce wa bazan, irin wannan saƙa ce. Ke nan ko a yadi ko a ƙarfe, kalmar abin da ido ke gani take faɗa. Ba ta ce komai a kan kaifi ba. Wanda ya taɓa sayen shadda mai fure ta koɗe a wanki biyu ya san fure ba ya shaidar zare.

Wancan ƙarfe na asali an daina yin sa cikin ƙarni na 19. A 1998 wani masanin ƙarafa, John Verhoeven, da wani maƙeri, Alfred Pendray, dukansu ƴan Amurka, suka nuna cewa ɗan ƙanƙanin sinadari irin banadiyom da ke cikin tama shi ke sa ƙwayoyin nan su jeru. Yau maƙera ƙalilan ne ke narka shi, da tsada. Ba shi ne a kan tebur a kasuwa ba, ko mai tebur ya rantse da me.

Abu na biyu shi ne wanda yawancin masu ƙera wuƙa na duniya ke nufi yau in sun ce damas: ƙarfen ninki. Dabarar tsohuwa ce, amma wani maƙerin Amurka, Bill Moran, shi ya dawo da ita kasuwar wuƙa a 1973. A ɗauko fallayen ƙarfe iri biyu, galibi masu lamba 1084 da 15N20, a jera su ɗaya bisa ɗaya, a sa a wuta har su kusa narkewa, a buga su haɗe. A miƙar, a yanka, a ninka, a sake bugu. In ka fara da falle 7, ninki biyar zai kai ka 224. Daga nan a murɗa ko a huda, gwargwadon zanen da ake so. In an gama wuƙar sai a tsoma ruwanta cikin asid. Ƙarfen da ke da nikel, wato 15N20, ya tsaya fari, ɗayan ya yi baƙi, zane ya fito.

Wannan aiki ne na gaske, ina girmama mai yin sa. Wanda ya taɓa zama a maƙera ya ga yadda haɗa ƙarfe biyu kaɗai ke cin gawayi da gumi ya san falle 200 ba wasa ba ne. Amma ado ne. Masu talla na cewa falle mai tauri da falle mai taushi suna haɗuwa su zama kamar haƙoran zarto. A wutar haɗin nan kabon yana ratsawa daga wannan falle zuwa wancan har su kusa daidaita, saboda haka wuƙar ba ta fi ƙarafan da aka haɗa ta da su yanka ba. Tsatsa kuwa tana ci, don duka biyun ƙarafa ne masu tsatsa. Sa ta a aljihu da zufar bazara kwana biyu ba mai, za ka gani. In kuma haɗin bai kama ba, wata rana falle zai buɗe a bakin kaifi kamar ɓawon albasa. Akwai na ninki marar tsatsa, irin wanda kamfanin Damasteel na Suwidin ke yi da garin ƙarfe, amma kuɗinsa daban ne, kuma mai sayar da shi da sunansa yake kiransa. Yawancin wuƙaƙen Japan masu zane ma, ƙarfe guda ne a tsakiya, kamar VG-10, shi ke yanka, ninkin riga ce aka sa masa dama da hagu.

Na ukun shi ne ya sa na ɗauki alƙalami. Ɗan yayata ya tara kuɗin aikin hutu, ya sayi ɗaya a hannun wani mai talla ta waya, ya kawo mini yana murna. "Kawu, damas ce." Na buɗe, na duba gadon bayanta, fari fat ba zane. Wannan kaɗai ba hujja ba ce, don wasu maƙera suna goge bayan ya yi sheƙi. Sai na ce ya nuna mini hoton tallar. Wuƙa biyar a jere, kowace da zane iri ɗaya, lanƙwasa bisa lanƙwasa, kamar an buga da hatimi. Ninkin wuta ba ya haifar tagwaye haka. Muka kai ta wurin wani dattijon maƙeri da mahaifina ke kai wa aiki tun ina yaro. Ya juya ta, ya goga magagari a gefe sau uku, zanen ya tafi. Ya ɗiga asid a wurin, ya jira, bai dawo ba. Da ninki ne da ya dawo, tunda har cikin jikin ƙarfen yake. Da na'urar leza aka zana shi a sama. Na ce, "Baba, ƙarfen fa?" Ya sake goga magagarin a bakin kaifi, ya ji yadda yake ci ba gardama, ya ce, "Malam, wannan ba ta sha ruwa ba." Yaron bai ce komai ba har muka iso gida. Abin ya tsaya mini a rai, don ba kwaɗayi ne ya kai shi ba, kalma ce ya ji manya suna faɗa ya gaskata.

Maganar dattijon nan ita ce tambayar da ta kamaci mai neman wuƙar da zai riƙa yawo da ita kullum, ya yanka igiya, ya farke buhu, ya fere mangwaro, ya yanka kilishi. Ban-ruwa, wato a gasa ƙarfe a tsoma shi ya yi tauri, a sake ɗumama shi kaɗan don kada ya karye. Maƙerinmu da tsohon ƙarfen sifirin na mota, in ya iya ban-ruwa, wuƙarsa ta fi ta ƙarfe mai tsada da aka ɓata a wuta. Kamfanonin kirki suna rubuta sunan ƙarfen a jikin ruwan wuƙar, suna kuma faɗin taurinsa da ma'aunin HRC. Wuƙar aljihu mai kyau takan faɗa tsakanin 58 da 62. Mai sayarwa in ya kasa gaya maka sunan ƙarfe sai "damas", ka riƙe kuɗinka.

Dubi wuƙaƙen da ake ji da su. Sebenza ta Chris Reeve, mutumin Afirka ta Kudu da ya koma Amurka, kuɗinta ya haura dalar Amurka 400, sama da jikka 200 ke nan, kuma yawancinsu ruwansu fari ne sumul. Sunan ma da harshen Zulu "aiki" yake nufi. Abin da ake saye a jikinta shi ne ƙotar titaniyom da ke kulle ruwan da kanta, da daidaiton da ba ya girgiza ko an shekara goma ana buɗewa. Ƙarfen MagnaCut da ya fito a 2021, wanda kamfanoni ke rububinsa don yana riƙe kaifi kuma yana jure tsatsa, Larrin Thomas ne ya tsara shi, ɗan Devin Thomas, ɗaya daga cikin shahararrun masu ƙarfen ninki na Amurka. Ɗan gidan damas ke nan, da ya tashi neman ƙarfen da ya fi aiki, marar zane ya fitar. A can ƙasa kuma ga Opinel ta Faransa mai ƙotar itace, tun 1890, da zoben kulle da aka ƙara mata a 1955. Ga Douk-Douk ta garin Tiyer, ita ma a Faransa, tun 1929, wadda aka yi wa wani samfuri mai suna El Baraka da tambarin Agadas a ƙotarsa. Ba ɗaya cikinsu da ta yi suna da furen damas, kuma dutsen wasa wuƙa na gida ya ishe su.

Ban ce kada mai hali ya sayi ta ninki ba. In ka samu maƙeri guda da ya yi ta da hannunsa, ya gaya maka ƙarafan da ya haɗa, ka san kuɗin ado ka biya kuma ranka na so, Allah ya sa albarka. Amma kafin zane, buɗe ta ka girgiza ruwan dama da hagu, sama da ƙasa, ka ji ko yana motsi. Danna bayanta a kan itace a hankali, yatsunka nesa da hanyar kaifi, ka ga ko makullin zai saki. Rufe ta ka duba ko ruwan ya kwanta a tsakiyar ƙota. Sannan ka tambayi abin da ke cikin mahaɗin. Na zamani da yawa ƙananan boris gare su, suna buɗewa da ɗan taɓi, abin sha'awa a cikin shago. Mu kuwa ƙurar hunturu muke da ita, wadda ke shiga har cikin akwatin da aka kulle. In ta haɗu da mai a cikin boris sai ka ji wuƙar tana ƙas-ƙas kamar ana tauna tsakuwa a tuwo, dole a kwance ta da ƴar sukundireba mai bakin tauraro, wadda ba kowane mai gyara ke da ita ba. Wuƙar da ke da ɗan faifan tagulla a mahaɗi maimakon boris ba ta kai waccan santsi ba, amma hura ta da ɗigon mai ɗaya sun ishe ta har damina.